Rabin Kwanon Hansatu

Daren jajibirin rabon kuɗi, shagon ƙungiya, Gagarawa.
Kwamfuta bisa buhun riɗi, ni bisa bulo,
janareto yana tari a bayan danga,
jimla ta ƙi zama.

Littafin Malam Tambai, wanda gumi ya cinye gefensa,
ya ce kwano dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai da rabi.
Allon gabana ya ce dubu huɗu da ɗari da casa'in da takwas.
Sha tara da rabi sun yi layar zana.

Malam Tambai bai ce na ci ba.
Ya dai cire hula, ya duba cikinta, ya mayar,
ya ce sai da safe.

Na buɗe rumbun bayanai, na bi layi-layi
kamar mai tsintar tsakuwa a faifai.
Kowa yana nan da abinsa:
Ilu Maƙeri, talatin da biyu.
Barmani, bakwai.
Hansatu ta gidan marigayi Sambo,
biyu da rabi ran Talata, uku ran Asabar.
Rumbu lafiya lau, ba gara, ba ɓera.

To, tsakanina da rumbun akwai tafinta.
Ina faɗa da yarena, ya juya da yaren rumbu,
ya je ya tambayo, ya dawo min da amsa.
Na ce: tara min na kowa, mutum-mutum.
Ya tara. Ya kawo wa Hansatu biyar.

Na ajiye ɗan aike, na tambayi rumbu baki da baki.
Ya ce biyar da rabi.

Ashe ni ce.
Watannin baya, da azumi a bakina, ina sauri in tashi,
na rubuta wa tafinta cewa kwano cikakkiyar lamba ce,
ba ɗigo, ba wutsiya.
Shi kuwa ba ya gardama.
Rumbu ya miƙo masa biyar da rabi,
ya duba ma'aunin da na ba shi, bai ga gurbin rabi ba,
ya shafe tozon da gefen hannu,
ya bar shi a hanya, ko gyaran murya bai yi ba.
Mutum talatin da tara, kowa da rabinsa a ƙasa.

Na gyara, na sake aikensa.
Sai ya dawo da wata sabuwa:
ya ɗauko jimla a matsayin rubutu.
Na ce ƙara wa Barmani huɗun da ta ajiye bara.
Ya ɗauki bakwai, ya ɗauki huɗu,
ya jera su kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla,
Barmani ta tashi da saba'in da huɗu.
Na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo da tocila.

Na zauna da tafinta kamar yaron da za a aika kasuwa:
abin da za ka riƙo adadi ne, mai ɗigo,
kada ka rage masa, kada ka mayar da shi zance.
Mai ya kusa ƙarewa, fitila tana lumshe ido,
sauro ya gama da idon sawuna.
Na danna.

Dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai,
ɗigo, biyar.

Da hantsi Hansatu ta zo, ta ƙirga kuɗinta sau biyu.
Ta ce rabin nan da tsintsiya ta tattara shi
daga gefen tamfol bayan an gama kakkaɓa,
ta sheƙe, ta sake sheƙewa saboda yashi.
Ta ɗaure a haɓar zane, ta tafi.
Ba ta san ya kwana a ɓace ba.

Malam Tambai ya rufe littafinsa,
ya tambaye ni ko na karya kumallo.