Hannu Na Biyu

Da rana ni akawun shagon siminti ne a Tashar Dukku,
ina ƙirga buhu, ina rubuta bashi.
Sai an sallame isha'i nake komawa yaro
a zaurenmu na Jekadafari,
kan teburin da ƙafarsa ɗaya ta dogara da bulo.

Fitilar caji a rataye a ƙusa.
Sukundireba uku, ɗaya ba mariƙi.
Dalma a naɗe kamar taliya 'yar murji,
tsohon buroshin haƙori, sipirit a kwalbar turare,
da gwangwanin madara cike da noti 'yan mitsi-mitsi
waɗanda ba mai sanin gidan kowanne sai ni.

Gem ɗin da duniya ta yaye ake kawo mini.
Wani daga ƙarƙashin gado,
wani na ƙwato a hannun 'yan gwangwan
ana shirin ɗora shi a sikeli.
Ba na karɓar ko sisi.
Dudu, matata, ta ce mai kiwon tantabara ya fi ni wayo,
shi ko ba komai yana cin 'yan shila.

Ran Laraba ƙanwar Babayo ta aiko da baƙar leda daga Pantami.
Shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci.
Na gane kayan tun kafin in gama kwance ƙulli.
Fari ne a da, yanzu kalar haƙorin mai goro,
a ƙasansa ga sunanmu biyu da muka karta da reza
shekarar da muka faɗi lissafi tare.

Na buɗe cikinsa.
Kyankyaso ya mutu a ciki tun ba yau ba.
Kafasito biyu sun kumbura kamar ƙosai a mai,
wata siririyar waya ta saki gindinta.
Na jira wuta, ba ta zo ba.
Sai na sa ƙarfen a garwashin da Dudu ta sauke tuwo,
yadda wani mai gyaran rediyo a Bolari ya koya mini.
Ɗigo ɗaya. Ɗigo biyu.
Hayaƙin dalma ya sa ni ƙwalla, ko dai ba shi ba ne.

Hannu na ɗaya nawa ne, na yi masa gata.
Na fesa masa shuɗi,
na yanko roba a tsohon silifas na maye wadda ta mutu,
na goga bakin fensir inda maɓalli ya kurmance,
igiyar kuma baduku ya naɗe mini ita da jar fata.

Hannu na biyu na daɗe ina juya shi a tafi.
Maɓallin dama ya lotsa, ya yi sulɓi,
daidai faɗin babban yatsan Babayo,
mai danna shi kamar zai huda,
yana ihu wai gem ɗin ne ke cutarsa.
Ina da sabon maɓalli a gwangwani.
Na ɗauko, na duba,
na mayar.

Wajen sha ɗaya aka kawo wuta, unguwa ta ɗauki sowa.
Na hura kaset sau uku,
duk da na san hurawar ba ta maganin komai.
Talabijin ta yi tsaki, ta yi yayyafi,
sai ga kiɗan nan, siriri,
kamar sauron da aka yi wa albishir.

Ladiyo, 'yata, ta fito tana murza ido,
ta zauna ba wanda ya kira ta.
Na miƙa mata shuɗin, mai kyan.
Ta ce a'a, wancan.
Yatsanta bai cika ramin ba,
amma ta ci ni sau huɗu a jere,
har na ji bakina yana cewa
gem ɗin ne ke cutata.

Gobe zan aika Pantami
a ce musu su ƙara haƙuri,
gyaran da saura.