Jan Bik

A Bilbis har gobe Madam ake ce mata,
ko da ta bar lakwal shekara goma sha tara.
Mu dai Inna Tasalla muka sani,
mai ƙulle canji a bakin zane,
mai ɓoye alli cikin gwangwanin madara
kamar turaren da ake tsoron ya ƙare.

Bangon zaurenmu ya sha lissafi.
Laminu ya koyi bakwai sau takwas
da hura a baki, hawaye a ido,
ita kuwa tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗagowa:
"Sake."

Takardar cefane ma ba ta tsira ba.
Ka rubuta tattasai da kuskure,
jan bik zai bi ka har kasuwar Tawa.

Ran da ƙafa ta gaza muka kai ta likita,
wani babba mai furfura da farar riga
ya miƙe tsaye, hannu a baya,
kamar an kira sunansa a aji.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatinta.
Zannuwa uku, carbi, tabarau mai ƙafa ɗaya,
sai wani tsohon kaye:
sunayen yara, aji bayan aji,
a shafin ƙarshe mu jikoki.
Gaban sunana ta sa:
"Hamsatu. Akwai kai, sai gaggawa.
Ba ta tsayawa a aya."

Inna, ga shi na tsaya.
Ba mai cewa in ci gaba.