Tarago na Sittin da Uku

Sunana Orval Brekke. Murafa nake ɗaurewa
a masana'antar itanol, bayan garinmu, can ƙuryar Nebraska.
Masarar da maƙwabtana suka shuka bara
ita ce ruwan nan garai-garai da ke bin tiyo,
warinsa rabi mashaya, rabi asibiti.

Tarago casa'in da shida, baƙaƙe wuluk,
kowanne ya sha galan dubu talatin ya yi shiru.
A haƙarƙarinsa jan allo, zanen harshen wuta,
da lamba 1987.
Yaran gari sun ɗauka shekara ce.

Ni na san wutar.
Da rana tsaka da ƙyar ido ke kama ta,
sai dai ka ga iska na rawa, ciyawa na baƙi.
Ka watsa mata ruwa ta hau bayansa ta bi ka.
Kumfa take tsoro,
kumfar kuwa jarka nawa ce a ɗakin 'yan kwana-kwananmu,
su da rabinsu manoma ne, ɗaya mai aski?

Daren Talata sanyi ya ci yatsuna ta cikin safa.
Na hau tsani, na haska tocila,
noti takwas, ina bin su gicciye
yadda Dagny, tsohuwar da ta koya mini, take yi
tana ƙirgawa da harshen kakanninta.
A na sittin da uku
robar bakin murfi ta tsage,
tsagar da ba ta kai farcen jariri ba.

Na tsaya. Na saurara.
Babu ɗiga, babu tsiyaya.
Hancina ne kawai ya ce a'a.

Direba ya riga ya ɗumama inji.
Manaja Kessler ya turo murya ta rediyo:
"Orval, kowane minti kuɗi ne."
Na ce na ji.
Ɗan hakin da ka raina, na faɗa a ciki,
ban ƙarasa masa ba, ba zai gane ba.

Mil ɗari biyu gabas
layin nan yana ratsa bayan kicin ɗin ƙanwata Lorna.
Kofunanta kan yi kaɗa-kaɗa a kanta duk wucewar jirgi.
Takan ƙirga taragu da jikarta a cinya:
na masara, na amoniya, na kulorin mai farar riga,
sannan nawa.
Takan ce wa yarinyar, "Waɗannan kawu ya rufe."

Awa biyu da kwata muka yi.
Aka yanke taragon, aka tura shi gefe,
aka kawo sabuwar roba mai arhar burodi.
Na ɗaure, na sake ɗaurewa,
na sa hannu a takarda da biron da ya daskare.

Jirgin ya tashi ƙarfe huɗu saura.
Fitilar wutsiyarsa ta ƙanƙance cikin gonaki
har dusar ƙanƙara ta haɗiye ta.

Washegari babu labari.
Jarida ta kawo farashin alade da wasan ƙwallon makaranta.
Kessler bai gaishe ni ba har Juma'a.
Lorna ta bugo waya tana mitar gwiwarta,
a bayan muryarta ina jin kofuna suna kaɗawa,
suna kaɗawa,
suka daina.