Takardar Ikilima

Ƙarfe biyun dare Tanimu ya bugo daga Kanada:
"Baba, ofishin jakadanci sun ce
sai an nuna asalin yarinya."

Asali?
Cibiyar ubanta tana binne
a bayan ɗakinmu na Ƙofar Gayan.
Kakana ya haƙa rijiyar da unguwa ke sha.

Da asuba na jawo jakar fata daga ƙarƙashin gado.
Gara ta cinye sunan Tanimu a takardar haihuwa,
ta bar mini "mu".

Mai unguwa ya sa hannu, bai ko tambaya ba.
A sakatariya, wani yaro da na girmi ubansa
ya ce in dawo Talata, tawada ta ƙare.
Ran Talata mai hatimi ya tafi suna Giwa.
Zuwa na uku aka ce, "Alhaji, ina hotonta?"

Na miƙa waya.
Ga ta cikin hular ulu, ƙanƙara a bayanta,
tana dariya da wushiryar mahaifiyata.

Hatimi ya sauka, ƙwas.

Na fito ana yayyafi.
Na cusa takardar cikin riga, a ƙirji,
inda ban taɓa ɗora mai ita ba.