Mayafi Mai Gidan Dara

A cikin dilar bosho na tsince shi,
ranar Lahadi, kasuwar Tawa,
ƙarƙashin rigunan sanyin da ba su da kasuwa.
Mayafin ulu ne mai gidan dara,
asu ya ɗan ɗanɗana gefe guda.
Wata mata ta ɗaga, ta shinshina, ta mayar:
"Wannan kaushi ai sai bayan jaki."

Mako uku yana rataye yana shan rana.
Na naɗe shi, na kai wa tsohona a Bilbis,
Arzika masaƙi,
wanda shekara tara ke nan rabonsa da ƙoshiya,
tun da gwiwa ta ce ta gaji.
Dutsen kunkurun saƙarsa ma
ya zama wurin zaman masu alwala.

Na zaci zai yafa.
Allura ya nema.
Ya ja tabarma bakin ƙofa inda haske yake,
ya kawo mayafin dab da hanci,
ya shiga tsefe bakin zaren yana ƙirga:

"Shuɗi ashirin da huɗu.
Baƙi huɗu. Shuɗi kuma. Baƙi ya faɗaɗa.
Tsanwa ashirin da huɗu.
Ja shida.
Rawaya biyu tak,
siririya kamar hanyar tururuwa."

Daga nan lissafin ya juya da baya,
ja, tsanwa, baƙi, shuɗi,
kamar ɗan bida da ya taso daga Abijan
yana sauka duk tashar da ya sauka a tafiya.

Ya karkata mayafin, ya ƙirga ta ɗaya gefen.
Ya yi shiru. Ya sake ƙirgawa.
"Abin da ya faɗa wa zaren tsaye
shi ya faɗa wa na kwance.
Mutumin nan ba ya magana biyu."

Ya ce, "Launi nawa ka gani, Hashimu?"
Na ce goma, ko sha biyu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Biyar marini ya rina.
Sauran duk gamuwa ce.
Ga inda ja ya ratsa shuɗi,
ruwan hantar nan ba karofin da ya haife shi.
Matso ka duba.
Ja na nan da jansa, shuɗi bai bar shuɗinsa ba,
biyu bisa, biyu ƙasa,
a karkace kamar ruwan da iska ta koro.
Idonka ne ya dama su."

Na tuna saƙin da yake yi muna yara,
baƙi da fari, ɗigo-ɗigo kamar bayan zabo,
da yadda muke gudu da zare tsakanin turaku
ranar wadari,
yana tsawa in mun tsallake ɗaya.

Can wajen la'asar allurar ta tsaya.
"Nan tsanwa ashirin da uku ne.
An yi masa sallama, ko yaronsa ya faɗi."
Ya shafa wurin da babban yatsa
kamar mai yi wa wani jaje.

Ni na san dila, na san abin da ke zuwa cikinta.
Wataƙila inji ne ya saƙa dubunsa a wuni guda.
Na buɗe baki,
na tambaye shi ko zai sha fura.

"Mutumin wace ƙasa ne?"
Takardar gefen ta koɗe, ban sani ba.
"Nawa ka sa masa?"
Na ce kyauta na kawo.
Ya laluba ƙarƙashin matashi,
ya miƙo jikka biyu a nannaɗe:
"Ba a cin gumin masaƙi a banza."

Watan Afrilu ne, ko kaji baki buɗe suke.
Da na leƙo bayan isha'i
yana zaune da ulun bisa cinya,
fitila a kashe,
ƙafafunsa na taka ƙasa,
dama, hagu, dama.