Santi Arba'in da Bakwai

Ƙarfe bakwai daidai guduma ta sauka.
Magajin gari Harlan Dahlquist ya gyara murya,
ni kuwa na buɗe littafi.
Shekara goma sha tara ke nan
ina rubuta wa garin Kestrel Lake tarihinsa
da alƙalamin da ba ya yabo, ba ya zagi.

Kujera arba'in muka jera wa jama'a.
Mutum uku suka zo:
ɗaya gyangyaɗi yake, ɗaya sanyi ne ya koro shi,
ta ukun tsohuwa ce, ta rungume jaka a cinya.

Batu na farko, bayanin zaman da ya wuce.
An amince.
Na biyu, gishirin titi, tan ɗari uku,
don ƙanƙarar bana ta yi sammako, ta zo a fusace,
ɗan kwangila kuma ya ƙara dala shida a kowane tan.
Kansila Marisol Tveit ta ɗaga gira,
ta ce bara ma haka ya yi mana.
Aka ce da ita santsi ba ya jiran ciniki.
Huɗu sun yarda, ɗaya ta ƙi. Na rubuta.

Rufin laburare yana yoyo
daidai saitin littattafan yara, an tara bokiti biyu.
An ɗage maganar sai bazara.
Wannan jimlar hannuna ya haddace ta.

Sai ma'aji Odell Brandvold ya miƙe,
tabarau a ƙarshen hanci, takardu kamar ganyen kabeji.
Dala miliyan goma sha ɗaya da 'yan kai:
'yan sanda, 'yan kwana-kwana, famfo, kwasar shara,
da fitila ɗari tara masu ci har asuba.
Ya ce komai ya zauna daidai
in ban da santi arba'in da bakwai a asusun ruwa.
Kwana uku yana bin sawunsu layi-layi,
har matarsa ta daina jiransa cin abincin dare.
Aka kwashe da dariya. Shi ko murmushi.
Ya ce da yayyafi kogi kan cika,
ta ƙaramin huji kuma randa kan ƙafe.

Lokacin jama'a, kowa minti uku.
Tsohuwa ta taso, sandarta na gaishe da daɓe.
Wilhelmina Sorvaag, lamba ashirin da biyu, titin Alder.
Muka gyara zama, muna jiran kukan haraji.

Ta ce da can mijinta ke rubuta cek,
tun rasuwarsa ita ke yi, ido kuwa ya fara gardama.
Kuɗin ruwan Oktoba ta rubuta sittin da biyu cif,
ba ta ga ɗan jelar da ke bayansu ba.
Jiya jikarta ta karanta mata takardar,
ta kwana ba ta runtsa ba,
wai ita da ba ta taɓa cin ko allurar wani ba
za ta tsufa da bashin gari a wuya.

Ta ajiye tsaba biyu a kan tebur, santi hamsin.

Ɗakin ya yi tsit, har mai gyangyaɗi ya farka.
Odell ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya laluba aljihun hagu, ya laluba na dama.
Ya ce, "Ranki ya daɗe, yanzu gari ne ke da bashinki,
santi uku, kuma ba ni da canji."
Marisol ta kawo shawara a biya ta.
Biyar suka ɗaga hannu,
karo na farko tun watan Yuni.

Takwas da kwata aka tashi.
Na naɗe kujeru, na kashe wuta.
A waje motar gishiri ta wuce tana watsi,
Odell na riƙe da hannun tsohuwa a bakin tsallaka,
suna jiran fitila ta yi kore.
Can a laburare bokiti na biyu ya kusa cika,
gobe da safe sai na tuna wa mai shara.