Rigar Yumɓu

Mai da ruwa ba sa ga maciji, kowa ya sani.
Amma ni, bayan la'asar, a ɗakin gwaji,
nakan tsiyaya man gyaɗa cikin ruwa,
in barbaɗa garin yumɓun da na ɗebo
a kududdufin bayan Ƙofar Marusa,
in kaɗa, in yi ta kaɗawa
har kafaɗa ta ce ya isa.

Sai in leƙa ta madubi.
Ga su nan, ɗigo-ɗigo,
kowanne ya sa rigar ƙasa,
ƙwaya na dafe da ƙwaya kamar ginin tubali,
babu mai haɗiye ɗan'uwansa.

In ɗora gilashi, in danna.
Ɗigon ya baje kamar gurasa,
rigar ta buɗe, mai na leƙowa ta tsagar.
In ɗaga.
In ƙirga: ɗaya, biyu, bakwai,
ya tattaro kansa, ya mulmule,
kamar ba shi aka taka ba.

Ba duka ba ne.
Wanda rigarsa ta yi ƙaranci,
da ya goga maƙwabci, shi ke nan,
biyu sun zama ɗaya, ba a san wa ya ci wa ba.
Wanda kuwa ta yi wa yawa,
ƙwayoyin sun cushe, babu wurin motsi,
ko na ɗaga gilashin yana nan a miƙe
kamar ƙwallon dabino,
fatarsa duk tamoji.
Na jira shi ranar Talata har aka ɗauke wuta.

Yayana Sallau,
wata tara ke nan da motar albasarsa ta kife a hanyar Jibiya.
An biya bashin. Mun sayar da filin Inna.
Babu abin da ke danne shi yanzu.
Yana zuwa teburin mai shayi,
yana amsa gaisuwa, "Lafiya lau,"
hular nan a karkace kamar da,
amma ko sau ɗaya bai yi kuka ba,
bai ce wa kowa wayyo ba.

A littafin aiki na rubuta:
in aka ɗan girgiza,
wasu ƙwayoyin kan saki,
sauran su sami wurin gyara zama.

Yau da dare zan same shi a zaure.
Ban san me zan ce ba.
Zan dai tambaye shi
buhu nawa ne a motar.